Tara Bayan Ɗigo

Ƙarfe biyun dare a Chennai,
hawa na shida, na'urar sanyi na tari,
Valarmathi ta tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur
ta buɗe fayil na ɗari da sha ɗaya.

A ƙasar da aka rubuta shi, rana ce tsaka.
Wani likita, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa,
ya jefa layi guda ya wuce:
ƙululu a baki, mai ruwa, a dawo bayan wata.

To, a ina cikin bakin?
Baki ai gari ne.
Akwai dasashi, akwai ganɗa,
akwai lungun ƙarƙashin harshe inda yawu ke tsattsafowa,
akwai gurbin da haƙori ya yi niyyar fitowa ya fasa.
Kowace unguwa da lambarta a kundi.
Likita bai faɗi unguwa ba.

An koya mata tun makon farko:
abin da ba a rubuta ba, bai faru ba,
kada ki yi duba, ba aikinki ba ne.
Sai ta danna K, sifili, tara,
ɗigo,
tara.
Taran ƙarshen nan ita ce ɗakin ajiya,
inda ake tura kayan da ba a san mai su ba.
Ba a tantance ba. A biya kuɗi.

Mai bakin namiji ne, hamsin da takwas.
Iyakar abin da ta sani ke nan,
sai kuma abu ɗaya da fayil bai faɗa ba:
harshensa yana can yanzu,
yana kai wa wurin ziyara
kamar mai duba ko ya kulle ƙofa.

Ta san wannan daga babanta.
Periyasami, tela a Tirunelveli,
allura uku a leɓe, zare a wuya,
shekara biyu yana tauna da gefe ɗaya.
Shinkafa da romon tsamiya, a hankali,
kansa a karkace kamar mai sauraron rediyon maƙwabta.
Innarta ta ce zafi ne, ta kawo man kwakwa.
Likitan gwamnati ya haska tocila,
ya rubuta wani abu a takarda,
ruwan damina ya cinye takardar a aljihu.
Ran nan abin ya fashe don kansa.
Ya tofar a kwata, ya kurkure, ya koma kan keke
ya ƙarasa rigar mutane.
Zuciya ce ta ɗauke shi, bayan shekara tara.
Har yau babu wanda ya san sunan baƙon
da ya zauna masa a kunci ba haya.

Ilango mai bincike ya tsaya a kanta
da kofin shayi da jan biro.
Taranki sun yi yawa a watan nan, in ji shi,
kamfanin inshora ba ya son duhu.
Ta ce, ni ma ba na so.
Haske ne ba a aiko ba.

Ta goge lambar, ta buɗe takardar tambaya,
ta rubuta da ladabin da aka tsara:
Likita, don Allah, wane wuri, wane iri?
Saƙon ya haye teku biyu kafin ta ƙifta ido
ya je ya bi layi.
Wataƙila Alhamis. Wataƙila shiru.

Da asuba motar kamfani ta kwashe su.
Hankaki sun riga kowa tashi,
wata tsohuwa na zana farin gari a ƙofar gida,
ɗigo, ɗigo, sannan ta haɗa su da layi.
Valarmathi ta jingina kai da gilashi,
bakinta a rufe,
harshenta na zaga gari unguwa-unguwa,
yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa.